Hayaƙin da Bai Fita Ba

Talata, 14 ga Janairu, da hantsi

Yau na kunna murhun ɗumama ɗaki, karo na farko tun rasuwar mijina Tokuji. Ko ruwan shayin da na ɗora a kai bai yi zafi ba gilashin ƙofar ya fara baƙi daga sama, wutar ta yi ja tana lilo kamar mai gyangyaɗi. Sai ƙaurin ya taso. Ina tsaye da tsumma a hannu na gane shi. Shi ne ƙaurin da ke jikin rigar sanyin da aka cire wa mijina, wadda na yi ta wankewa ya ƙi fita.

Likita ya ce zuciya ce. Ban yi musu ba, don Tokuji ya daɗe yana shan maganin zuciya, ni kuma ba na gida a daren, ina kwance a asibiti a garin Yokote an yi mini aikin ido. Amma ni na san hayaƙi. Tun ina amarya nake turara daikon, farar saiwar nan mai kama da babban karas, a rumfar baya duk kaka kafin in tsuma shi a gishiri. Na san ƙamshin itacen da ya ci wuta da kyau, na san na wanda ya shaƙe. Wannan na shaƙaƙƙe ne.

Na kashe, na buɗe tagogi, na zauna a bakin ƙofa har ciwon kai ya sake ni.

Murhun nan ne. Abin da ban sani ba shi ne dalili, da kuma wanda ya riga ni sani.

Laraba, 15 ga Janairu, da safe

Na kai wa Tokuji shinkafarsa da shayi gaban tulun da aka zuba ƙasusuwansa bayan an ƙona gawar, yadda al'adarmu take. Zai zauna tare da ni a ɗaki har ƙanƙara ta narke a ga inda kabarin gidansu yake. Na tambaye shi, bai ce komai ba. Dama ba mai yawan magana ba ne.

Akwai abubuwan da na gani ranar da aka dawo da ni daga asibiti, ido ɗaya a naɗe, ban ba su muhimmanci ba sai jiya. Duk tagogin falo a buɗe suke, a tsakiyar Disamba. Gilashin murhun kuma fes, kamar yanzu aka saye shi. Tokuji da safe yake goge gilashin, kafin ya kunna. Mutumin da ya kwana da wuta bai tashi ba, wa ya goge masa?

Sadao, ƙaninsa, shi ya fara shiga ya same shi. Shi ne kuma bayan an gama zaman makoki ya zare wa murhun waya daga bango, ya ce ya lalace, in bar shi sai bazara. Ya kawo mini hitar kananzir daga gidansa. Ya kwashe buhunan ƙwayar itacen da murhun ke ci, waɗanda ke zaure, wai kada su ja danshi. Ɗaya ya manta a ƙarƙashin matakala, da shi na kunna jiya.

Ƙwayar ta bana shi ya kawo ta daga wajen wani abokinsa mai injin yanka katako.

Alhamis, 16 ga Janairu, da yamma

Hitar kananzir tana ɗuma gwiwa, baya kuwa sai sanyi.

Juma'a, 17 ga Janairu, da hantsi

Na buga wa Shibata waya, wanda ya kafa mana murhun. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce ba zai samu zuwa ba sai cikin Fabrairu, rabin gundumar nan shi suke jira, motarsa ma da ƙyar take hawo hanyarmu. Ban gaya masa abin da nake zargi ba. Na ce dai yana baƙi yana ƙauri.

Ya ce wuta ja mai lilo yunwar iska take ji, in bi abin ɗaya bayan ɗaya. In fara da ɗan kaskon da ƙwayar ke faɗawa, in ga ko ramukansa sun toshe. In kwashe toka. In duba ƙwayar ko ta sha danshi. In rufe ƙofar a kan takarda in ja, idan ta zaro ba gardama to igiyar da ke bakin ƙofar ta mutu. Ya tambaya ko ƙanƙara ta rufe bakin bututun a waje, don ta nan hayaƙi ke fita, ta nan kuma iska ke shiga. Na ce ina, ai yana bayan dangar falankin da muke kare gida da ita, ƙanƙara ba ta isa wurin. Ya ce to madalla, an rage ɗaya.

Kafin ya ajiye ya ce, “Baba, kada ki kwana da shi a kunne.” Na ce to. Na rasa ko haka yake gaya wa kowa, ko wani ya yi masa wata magana.

Asabar, 18 ga Janairu, da rana tsaka

Kaskon ya yi ƙanzo, toka ta dunƙule ta yi tauri. Na kankare da tsohon cokali, na bi ramukan da tsinken saƙa har haske ya riƙa fitowa ta kowanne. Na kwashe tokar aljihun ƙasa. Akwai wata 'yar ƙofa a gefe da ban taɓa sanin tana buɗuwa ba, cikinta kunkunniya ce kamar a madafin kakata. Ba na gane aikin Tokuji a nan. Mutumin da ke share kayan aikinsa kafin ya wanke hannu ba zai bar murhu haka ba, sai dai in abin yana taruwa fiye da yadda yake kwashewa.

Na tuna a makonninsa na ƙarshe kullum yana durƙushe a gabansa. Na tuna ni ma na riƙa tashi da nauyin kai, na ɗauka idon ne. Na yi masa maganar ƙauri sau ɗaya, ya ce daikon ɗina ne ya kama mana tufafi.

Na kunna, tagogi a buɗe. Ya ɗan yi kyau da farko, sannan ya koma gidan jiya.

Lahadi, 19 ga Janairu, da almuru

Ɗanmu Nori ya kira daga birnin Sendai. Ya tambayi ci, ya tambayi ido, ya tambayi ko ina hawa rufi share ƙanƙara, na ce ban haukace ba tukuna. Sannan ya zo kan abin da kullum yake zuwa, wato danga. Tana nan daram? Ba ta karkace ba? Na ce ko motsi ba ta yi ba. Ina jin yadda ya saki numfashi.

Dangar falankin da muke kafawa jikin gida duk ƙarshen kaka, don kada ƙanƙarar da ke zubowa daga rufi ta fasa tagogi, Tokuji bai taɓa barin wani ya sa masa hannu a cikinta ba. Bana bayansa ya riƙe, Nori ya ɗauki hutu ya zo ya kafa ta shi kaɗai. Ya sayo sababbin falankai, ya bi da leda mai kauri ta ciki don kada iska ta dame mu. Tun yana yaro duk ƙusar da ya buga sai uban ya zare ya sake bugawa, shi ya sa ya bar sana'ar katako ya tafi birni, shi ya sa suka yi shekaru gaisuwa kawai ke haɗa su. Ranar nan kuwa Tokuji ya zauna a kan kujera a tsakar gida, ya cusa hannuwansa a ƙarƙashin cinya, bai ce uffan ba har aka gama. Da yamma ya zuba wa Nori giya da hannunsa, ya ce, “Ta yi.”

Kalmar ke nan. Nori ya maimaita mini ita ranar jana'iza, ya sake maimaita ta yau.

Ban gaya masa ina kunna murhun ba.

Talata, 21 ga Janairu, da hantsi

Sadao ya zo share mini hanyar ƙofa. Na ba shi shayi da daikon. Yana shigowa ya tsaya yana shinshina, na ce kare ya koma ne da tsufa. Ya ce gidan yana ƙauri. Na ce ai ni ce, tun kafin a haifi Nori yake cewa yayansa ya auri banda. Bai yi dariya ba, shi da ba ya barin tsokana ta faɗi ƙasa. Idonsa na kan farcena. Na wanke amma baƙin bai fita ba.

“Yaya, kunna shi kike yi?”

Na ce murhuna ne, a gidana yake. Ya ce ya gaya mini ya lalace. Na ce me ya lalace a ciki, ya nuna mini da yatsa. Ya ce shi ba makaniki ba ne. Na ce to wa ya goge gilashin ranar nan. Ya ɗauki daikon ya yi ta tauna, ya ce bana gishirina ya yi yawa.

Da zai tafi ya tsaya yana sa takalmi, bai juyo ba, ya ce in yi wa girman yayansa in bar abin nan. Na ji shi ya shiga zaure yana dube-dube. Buhun yana ɗakin kwanana, ƙarƙashin barguna.

Laraba, 22 ga Janairu, da safe

Mutum ba ya goge abin da bai ji tsoronsa ba.

Juma'a, 24 ga Janairu, da rana

Ƙwayar Sadao baƙa-baƙa ce, da ɓawo a cikinta, wasu in na murza sai su koma gari. Na roƙi Kiyo, maƙwabciyata ta tsallaken rafi, ta sayo mini buhu ɗaya na fara daga shagon manoma, na ce kada ta gaya wa kowa. Ta ce wa za ta gaya wa, kyanwa? Ta kawo. Wannan tana sheƙi, in an karya ta ce ƙas.

Na kwashe tsohuwar tas, na zuba sabuwa, na kunna. Na zauna ina kallo kamar mai jiran a yanke hukunci. Ina so wutar ta miƙe ta yi fari, in sa takalmi in gangara gidan Sadao da buhunsa in zube masa a ƙofa.

Gilashin ya yi baƙi kamar kullum.

Ya kamata in ji sanyi a raina cewa ba ƙwayarsa ba ce. Ban ji ba. In ba ita ba ce, me yake ɓoyewa?

Lahadi, 26 ga Janairu, da sassafe

Akwai sawun takalmi a gefen arewa na gidan, inda ba mai bi. An fara haƙa ƙanƙarar da ta taru jikin danga, an bari. Ta daskare ta kai kusan rufi, shebur ba ya cin ta. Sawun ƙafar hagu yana jan ƙasa. Sadao ne ke tafiya haka tun da icce ya faɗo masa.

Me yake nema a bayan gidana?

Litinin, 27 ga Janairu, da yamma

Na gwada takardar. A sama ta riƙe, a gefen ƙasa ta zaro kamar ba a rufe ƙofa ba. To ta nan ƙaurin ke shigowa ɗaki. Na kira Shibata, ya ce zai zo da sabuwar igiya, amma igiya kaɗai ba ta sa wuta ta shaƙe haka, akwai wani abu. Ya ce in daina kunnawa har ya zo. Kowa dai in daina.

Likita ya ce zuciya ce.

Laraba, 29 ga Janairu, da hantsi

Kiyo ta shigo da wainar shinkafa, muka gasa a kan hitar kananzir. Ta tambayi ko farar ƙwayar ta yi, na ce a'a. Ta ce ita fa abin ya ɗaure mata kai da na ce ta sayo, don ta ɗauka tun kaka muka daina amfani da murhun. Na ce ta yaya, ai kullum yana kunne har ranar da abin ya faru.

Ta ce shekara da shekaru in ta tashi ɗora shinkafa takan leƙa ta tagar madafinta, in ta ga farin tururi yana fita daga gefen gidanmu sai ta ce tsofaffin can sun kwana lafiya. Kamar yadda ni ma nake duba fitilar zaurenta. Bana ba ta gani ba ko sau ɗaya. Har ta yi niyyar tambaya, sai ta ga Tokuji a waje yana shara, ta ce ƙila kananzir suka koma, kada ta zama mai sa ido.

Na ce ko ranar Juma'ar nan ba ta gani ba? Ta ce ko ɗis.

Ta ci gaba da labarin surukarta. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Wainar ta ƙone a hannuna, ita ta karɓe.

Laraba, da yamma

Tagar banɗaki ce kaɗai ke buɗewa ta wannan gefen. Na taka bokiti, na zura kai da tocila cikin lungun da ke tsakanin bango da danga.

Baƙi ne ko'ina. Bangon, cikin falankan, ledar, har ƙanƙarar da ta daskare tana reto daga rufi baƙa ce. Bakin bututun yana nan, tsakaninsa da leda bai fi tafin hannu ba, ledar ta yamutse a wurin don zafi. Sama a rufe, ƙasa ƙanƙara ta toshe. Abin da murhun ya fitar shi yake sake shaƙa.

Aiki ne mai kyau. Ko yatsa ba zai shiga tsakanin falanki da falanki ba.

Na je rumfar baya. Guntayen falankan nan biyu da Tokuji yake sawa a daidai wurin, don a bar taga a gaban bututu, suna jingine a bango. Na tuna Nori ne ya ɗaga su ya ce sun yi gajarta, ya ajiye su gefe.

Daren da aka kwantar da ni a asibiti ne aka yi babbar ƙanƙarar farko.

Alhamis, 30 ga Janairu

Ban kunna ba.

Juma'a, 31 ga Janairu, da almuru

Waya ta yi ta ƙara. Na san lokacin kiran Nori ne. Ban ɗauka ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, da rana

Na gangara gidan Sadao. Matarsa ta ga fuskata ta ce za ta leƙa shago. Ban zauna ba. Na ce na leƙa ta tagar banɗaki.

Sadao ya turo mini matashin zama. Sannan ya ce in zauna, ƙafata ba ta fi tasa ƙwari ba.

Ya ce da ya shiga ran nan da safe murhun ya riga ya kashe kansa, ɗakin kuwa ba ya shaƙuwa. Yayansa yana kwance a gefe kamar mai hutawa. Ya buɗe tagogi, ya kira motar asibiti, kafin su hawo ya ɗauki tsumma. Ya ce bai yi shawara da kowa ba, hannunsa ne ya yi. Na ce me ya sa bai cire falankin ba daga baya. Ya ce ya gwada, ƙanƙarar ta fi ƙarfin kafaɗarsa, kuma duk zuwan da Nori zai yi sai ya zagaya dangar yana shafa ta. Ya ga gara murhun ya mutu har bazara, a kwance danga yadda aka saba, ba wanda ya ji ba wanda ya gani.

Na ce to shi ya aka yi ya sani tun kafin ya ga lungun. Sai ya ce:

“Yaya Tokuji ya sani. Tun ranar da aka kafa ta.”

Ya ce washegarin tafiyar Nori ya zo ya gani, ya ce wa Tokuji bari ya ɗauko zarto ya buɗe wurin, aikin shan shayi ɗaya ne. Tokuji ya hana. Ya ce iska tana shiga ta ƙasa, ba gaggawa. Ya ce yaron zai dawo hutun sabuwar shekara, so yake ya same ta yadda ya bar ta, bayan ya koma sai a yanke.

“Ya ce mini, Sada, duk abin da yaron nan ya taɓa yi na bi bayansa na gyara. Wannan ɗaya dai a bar masa.”

Na tambaye shi ko hayaƙin ne ya kashe shi. Ya ce bai sani ba. Ya ce ƙila zuciyar ce ta tsaya da kanta, ƙila hayaƙin ya taimaka mata, kuma yanzu ba mai iya gaya mana, abin da ya rage na cikin tulu. Na ce da ya gaya mini da ban yi makonni ina zarginsa ba. Ya ce ya gwammace in zarge shi, ai na saba.

Ya rako ni har ƙofa. Ya ce gishirin daikon ɗin ma bai yi yawa ba, faɗa kawai ya yi.

Lahadi, 2 ga Fabrairu, da safe

Tokuji, da kai nake. Shekara nawa ina roƙonka ka bar yaron nan ya yi abu ko a karkace ne, ka ƙi. Sai guda ɗayan da ya kamata ka buɗe baki. Da ka ce masa bar taga a nan, da ya ɓata rai na yini ɗaya.

Na kai maka shinkafar dai. Na ajiye ta da ƙarfi, ka yi haƙuri.

Talata, 4 ga Fabrairu, da almuru

Na ɗauki wayar Nori. Ya yi faɗan rashin ɗauka, na ce barci ne. Ya ce za su zo ranar Asabar su kwana, shi da matarsa Asami da jaririyarsu. Ya ce hitar kananzir ba za ta ishi jaririya ba, zai duba murhun Baba da kansa, ya karanta yadda ake yi, ƙila ƙaramin abu ne. Na ce a bari sai Shibata ya zo. Ya ce, “Mama, ki bar ni in gwada mana.” Muryarsa irin ta ranar danga ce.

In na hana shi, zai tambayi dalili. In na bar shi ya kunna yadda yake, jikata za ta kwana a ɗakin nan.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da yamma

Tun safe muke abu ɗaya ni da Sadao da mijin Kiyo, wanda muka ce wa tagar banɗaki muke so mu buɗe. Su suna sara da gatari, ni ina ɗiba da kwano. Da falankan suka bayyana, mijin Kiyo ya tafi cin abinci, Sadao ya sa zarto. Ya yanke daidai girman tagar da yayansa yake bari. Ya ce a ce wa Nori ƙanƙara ce ta fasa. Na ce ƙanƙara ba ta yanka a miƙe.

Shibata ya aiko da igiyar ta hannun mai kai saƙo, Sadao ya liƙa ta yana ta ƙunƙuni. Muka kunna. Wutar ta miƙe tsaye, fara, tana rawa da sauri. Mun zauna har shayi ya tafasa, gilashin yana nan garau. 

Bayan tafiyarsa na ɗauki ruwan zafi da burushi na zura hannu ta tagar da aka yanke. Ledar ta goge. Bangon kuwa katako ne, ya riga ya sha. Na goga har hannuna ya daina ji.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da yamma

Sun iso da rana. Asami ta shigo da jaririya tana cewa gidan ya yi ɗumi, ashe an gyara. Nori ya gaida ubansa, ya kunna masa turare, sannan ya ce bari ya zagaya. Na bi shi da takalmin cikin gida.

Ya tsaya a gaban wurin. Ya shafa bakin yankan da yatsa. Ya ce wa ya taɓa masa danga.

“Babanka yakan bar nan a buɗe.”

Ya sunkuya ya leƙa. Ina kallon ƙeyarsa, irin ta ubansa ce sak. Tururi yana fita ta gefen kunnensa bai kauce ba. Ya daɗe a haka. Da ya miƙe akwai baƙi a hannun rigarsa, ya tsaya yana kallonsa. Na jira. Na riga na shirya cewa in ya tambaya ba zan yi masa ƙarya ba, zan faɗa masa har da abin da uban ya ce wa Sadao.

Ya ce, “Mama, ƙafarki za ta jiƙe.” Ya riƙe mini hannu muka koma ciki.

Da cin abinci ya yi ta juya shinkafa a kwano. Asami ta tambaye shi ko ba shi da lafiya, ya ce tuƙi ne. Da za a shimfiɗa wa jaririya, ya ɗauke shimfiɗar daga falo ya kai ɗakin baya mai sanyi, ya je ya kashe murhun da kansa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da hantsi

Da na tashi na same shi a rumfar baya, guntayen falankan nan a hannunsa. Ya ji motsina ya mayar da su. Ya hau rufi ya share ƙanƙara tas, har inda ba a buƙata, ya ƙi saukowa shan shayi.

Da za su tafi ya durƙusa gaban tulun ya daɗe, har jaririya ta fara kuka a mota. A bakin ƙofa ya buɗe baki, na ga maganar ta zo, sai ya ce in riƙa ɗaukar waya. Na cusa masa ƙunshin daikon. Na ce ya yi tuƙi a hankali.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da almuru

Murhun yana ci lafiya, ba ƙauri. Shibata ya ce zai zo duk da haka ya duba bututun.

Nori ya kira ya ce sun isa. Bai tambayi danga ba.

Ya san rabi. Ɗaya rabin, wanda ubansa ya faɗa, yana wurina, ban kuwa san ko zai sauƙaƙa masa ko zai ƙara masa nauyi ba. Ban gaya masa ba tukuna.